Zaɓen Man Gashi Ga Wadda Gashinta Ya Bushe Yana Karyewa

  

Yau maganar kai za mu taɓa. Dalili kuwa wata wasiƙa ce da ta zo mana daga wata 'yar uwa a Gusau. Ta ce shekararta shida tana sa rilaksa, yanzu gashin ya bushe ƙamas, ya yi buzu-buzu, in ta sa mataji sai ta ga gutsattsarinsa a kafaɗarta da kan tabarma. Ta sayi mai har kala huɗu, kullum tana laftawa, amma kamar ƙara masa bushewa ake yi. Ga bikin ƙanwarta yana tafe bayan Sallah, makitsiyarta kuma ta ce gashin gaba ba zai kamu ba. Tambayarta ita ce: "Anti, wane mai zan saya?"

To 'yar uwa, ba ke kaɗai ba ce. Ni kaina ina jami'a wata mai salun ta bar min rilaksa a ka tana can tana hira, sai da na shekara ina fama. Ba zan ambaci sunan wani kamfani ba, domin wanda ya karɓi wance ba lallai ya karɓe ki ba. Abin da zan yi shi ne in nuna miki yadda za ki duba roba da kanki, ki san abin da kike ba da kuɗinki a kai.

Mu fara da shi gashin. Kowane sili yana da bawo a bayansa, a jere kamar ɓawon jikin kifi, ɗaya a kan ɗaya. In gashi yana da lafiya bawon nan a kwance yake luf, yana riƙe danshin da ke ciki, shi ya sa za ki ga yana sheƙi yana santsi. Rilaksa kuwa sinadari ne mai kaifi ƙwarai. Wani irinsa ma da sinadarin da ake haɗa sabulun soda ake yin sa. Aikinsa ya ɗaga bawon, ya shiga ciki ya karya abin da ke sa gashi nannaɗewa. Haka rini yake ɗaga bawon, haka zafin draya da ƙarfen miƙar da gashi. Da zarar bawo ya tashi, danshi ba ya zama, sili yana kama sili, sai cukurkuɗewa da karyewa.

Ga wata gaskiya da masu talla ba sa faɗa. Gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, ba ya warkewa kamar yadda ciwo ke warkewa. Abin da mai kyau zai yi miki shi ne ya kwantar da bawon, ya cike gurbi, ya hana ɓarnar ƙaruwa, har sabon gashi ya taso. Shi kuwa gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata. Saboda haka duk robar da ta yi miki alkawarin gashi har gadon baya cikin sati biyu, ajiye musu kayansu.

Yanzu ga inda 'yar uwarmu ta Gusau ta yi kuskure, kuma yawancinmu nan muke yin sa. Mun ɗauka maiƙo shi ne danshi. Ba haka ba ne. Danshi ruwa ne, maiƙo kuwa murfi ne da ke hana ruwan gudu. In kika shafa basilin ko man gashi mai kauri a busasshen gashi, kin rufe tukunyar da babu komai a ciki ke nan. Zai yi ƙyalli, ya kwashi ƙura, amma cikinsa yana nan a bushe. Abin da irin wannan gashi yake buƙata shi ne kirim mai ruwa a jikinsa, wanda ake shafawa bayan wanke kai a bar shi ba a ɗauraye ba. A jikin robarsa za ki ga an rubuta leave-in. Kada ki haɗa shi da kwandishanan da ake shafawa a ɗauraye bayan minti kaɗan. Wancan ya fi nauyi, in kika bar shi a ka zai danƙare miki gashi.

In kin je kanti, kada hoton baturiya ko baƙar Amurka mai gashi har kugu ya ɗauke miki hankali. Juya robar ki duba bayanta, wurin da aka jera abubuwan da aka haɗa. Ƙa'idar ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, a bi da mai bi masa. Don haka biyar ɗin farko su ne ainihin abin da kika saya. In boko bai yi miki nisa ba, tafi da 'yarki ko ƙanwarki ta karanta miki, babu kunya a ciki.

Na farko, ki tabbata kalmar farko Water ce ko Aqua, wato ruwa. In kika ga Petrolatum ko Mineral Oil ne a gaba, to wannan murfi ne, yana da nasa amfanin, amma ba shi muke nema ba.

Na biyu, ki nemi masu jawo danshi su riƙe, irin su Glycerin da Panthenol da Aloe.

Na uku, masu laushi da santsi. Nan za ki ga Cetyl Alcohol ko Cetearyl Alcohol. Kada kalmar ta tsorata ki, waɗannan ba giya ba ne, wani abu ne mai kama da kakin zuma da ke sa gashi taushi. Wanda za ki guda shi ne Alcohol Denat ko Isopropyl Alcohol in suna sahun gaba, domin su busarwa suke yi. In kuma kin ga wata doguwar kalma da ta fara da Behentrimonium, alheri ce, ita ke sa mataji ya wuce ba gardama.

Na huɗu, mayukan itatuwa. Za ki yi dariya in na gaya miki cewa Butyrospermum Parkii da ake rubutawa a robobi masu tsada, man kaɗe ne, wanda kakanninmu suke shafawa. An laƙaba masa sunan Mungo Park ne, Baturen nan matafiyi da ya rasu a Bussa a 1806. Cocos Nucifera kuwa man kwakwa ne. A 2003 wasu masu bincike daga Indiya sun gwada man kwakwa da wasu mayuka biyu, suka samu shi kaɗai ne ya rage zubewar sinadarin da ke ƙarfafa gashi, domin yana ratsa silin ya shiga ciki.

Na biyar, masu cike gurbi. Su ne za ki ga an rubuta Hydrolyzed Keratin ko Hydrolyzed Wheat Protein. Gashin da rilaksa ko rini ya cinye yana son su. Amma in suka yi yawa sai gashi ya yi tauri kamar tsintsiya. Ga gwajin da masu gyaran gashi suke yi: ɗauki sili ɗaya da ya fita, ki jiƙa shi, ki ja a hankali. In ya yi ta miƙewa kamar cingam bai koma ba, yana son irin waɗannan. In kuwa ya tsinke nan take, danshi ya rasa, sai ki fi ba ruwa da mai ƙarfi.

Akwai kuma Dimethicone da 'yan uwansa. Suna lulluɓe sili su sa shi santsi, suna kuma rage ɓarnar zafi ga mai amfani da draya. Sharaɗinsu ɗaya ne, ki riƙa wanke kai da shamfu, in ba haka ba za su taru su yi miki dafkal.

Sai maganar yanayi. Mu nan Arewa shekararmu kashi biyu ce wajen gashi. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take ƙwarai, babu wani danshi da Glycerin zai jawo daga cikinta. A lokacin ki zaɓi kirim mai kauri, ki bi shi da ɗan man kaɗe ki rufe. Da damina kuwa iska cike take da ruwa, gashin da bawonsa ya tashi sai ya sha ya kumbura ya yi tsaye. Nan mara nauyi ya fi, musamman mai Dimethicone a ciki. Haka nan mai gashi sirara mai laushi ta nemi mai ruwa-ruwa ko na fesawa, mai cika da kauri ta nemi mai kauri.

Kafin ki biya kuɗi ki duba abu uku: lambar rajistar hukumar NAFDAC, ranar lalacewa, da murfin, ko an taɓa buɗe shi. Wasu robobin suna da hoton ɗan gwangwani a buɗe da 12M a jiki, ma'ana wata 12 bayan kin buɗe. Ki guji wanda ake ɗurawa a roba babu suna babu takarda, a ce miki haɗi ne na musamman. Ba ki san abin da ke ciki ba, in ya ƙone ki babu wanda za ki kama. Ki kuma guji wanda ya wuni a rana a kan tebur har ruwa ya rabu da mai. In kin kawo gida, ɗan shafa a bayan kunne ki jira kwana biyu. In babu ƙaiƙayi babu ƙuraje, bismilla.

Yadda ake shafawa ma rabin aikin ne. Bayan kin wanke kai, da shamfu ko da karkashinmu na gida, ki tsane ruwan da tsohuwar riga mai laushi, kada ki murje da tawul. Tun da sauran danshi ki raba gashin gida huɗu. Kowane kashi ki lakato kamar ƙwayar gurjiya, ki murza a tafin hannu, ki fara daga baki ki yi sama, domin bakin gashi shi ne tsoho, shi ya fi shan wuya. Ba a fatar kai ake sa shi ba. Ki warware da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, shi ma daga baki. Sai ɗan man kaɗe ko na kwakwa a kai. Ki bari ya sha iska kafin ki ɗaura ɗankwali. Rufe jiƙaƙƙen kai shi ke kawo warin nan da ba ma so maigida ya ji. Da dare ki kwana da ɗankwali mai santsi, domin na atamfa yana shanye mai yana kuma goge gashi. Mai kitso a ka tana iya zuba ɗan kirim a robar fesawa ta ƙara ruwa daidai na kwana biyu ko uku, ta riƙa fesawa.

Akwai abin da kirim ba zai yi ba, ko nawa kika saye shi. Bakin gashin da ya tsage biyu sai almakashi, in kika bar shi tsagar sama za ta yi ta yi. Gashin gaba da ke cinyewa, sau da yawa kitso mai tsauri ne ke tuge shi, sai ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, ki huta da ƙarin gashi. Rilaksa kuma kada a maimaita kafin sati 8 zuwa 12, kuma a sabon tohon kawai, ba a kan wanda ya riga ya sha ba. In kuwa gashi daga tushe yake fita, ko akwai makero, ko ƙuraje, ko wani wuri ya yi fili, wannan ba aikin kanti ba ne, ki ga likita. Ƙarancin jini yana kawo zubar gashi. Mai jego ma takan ga yana zuba wajen wata uku bayan haihuwa, wannan yakan tsaya da kansa.

To 'yar uwata ta Gusau, ga shawarata. Ki dakata da rilaksa har bayan biki. Ki datse bakin da ya mutu. Cikin mayukanki huɗu ki juya bayansu, ina kyautata zaton za ki samu duk basilin ne a gaba. Ki sayi ƙaramar roba ɗaya mai ruwa a farko, ki ba ta sati huɗu zuwa shida kafin ki yanke mata hukunci, kada ki yi ta sauye-sauye. Ranar biki a yi miki kitso manya marasa tsauri, ki kafa ɗaurinki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Nan za mu dakata a yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana, ƙofa a buɗe take. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa min kan yara. Ku huta lafiya.