Yaron da Bai Taɓa Ganin Teku Ba da Zanen Dolfin

Daga Kazaure zuwa bakin tekun Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota, kuma akasarin yaran firamare a Roni, Gwiwa da Babura ruwa mafi faɗi da suka sani shi ne dam ko kududdufin damina. Saboda haka idan aka ce a koya musu zana dolfin da wel, babbar dabbar nan ta teku, tambayar da za ta fara zuwa ita ce: me ya haɗa su? Amsar ita ce waɗannan halittu biyu suna tilasta wa yaro ya duba abu da kyau kafin ya ɗora fensir, domin sun yi kama da kifi amma ba kifi ba ne. Wannan koyon duba shi ne ribar darasin, ko da zanen bai yi kyau ba.

A ba yaro takarda a ce ya zana dolfin, kusan kullum tarwada ko karfasa zai zana, irin wadda yake gani a tiren masu suyar kifi. A nan malami zai sami ƙofa. Wutsiyar kifi a tsaye take, tana kaɗawa dama da hagu. Ta dolfin da wel a kwance take, tana bugun ruwa sama da ƙasa, domin ƙashin bayansu yana lanƙwasa ne irin na dabbobin tudu masu gudu. Kifi yana da tsaga a gefen kai da yake shaƙar iskar cikin ruwa da ita. Su kuwa huhu gare su, hancinsu kuma yana can bisa kai, dole su taso su sha iska. Abin nan da ake zanawa yana feshi sama daga kan wel numfashi ne mai ɗumi da ya haɗu da sanyi ya zama tururi, masu zanen katun ne suka mai da shi famfo. Haihuwa suke yi, su shayar da nono. Yaron da ya goge wutsiya a tsaye ya sake ta a kwance, ya kuma iya faɗin dalili, ya koyi rabe-raben dabbobi fiye da wanda ya haddace su a allo.

Aikin kansa ba wuya. A fara da dogon zagaye mai kamar gwanda, kai ya fi kauri, jiki ya tafi yana sirancewa. A ƙara fiffike biyu a ƙasa kusa da kai, wutsiya mai reshe biyu, ƙaramin ido dab da kusurwar baki. Dolfin a ja masa baki gaba, a lanƙwasa bayansa, a ɗora masa fiffike guda a gadon baya. Girma kuwa takarda ba ta nuna shi. Shuɗin wel yana kai kusan mita 30, babu dabbar da aka sani ta fi shi, jaririnsa ma ana haifarsa da tsawon kusan mita 7. A fita filin makaranta a auna mita 30 da igiya, a zana shi a ƙasa da tsinke, yara su jeru a cikinsa. Wannan ya amsa kukan rashin kayan aiki, domin rairayi da gawayi da guntun alli sun wadatar.

Wasu za su ce a fara da akuya da raƙumi, abin da yaro ya sani. Gaskiyarsu, da su za a fara. Sai dai abin da ido ya saba da shi hannu yakan zana shi da ka, ba tare da dubawa ba. Kuma halittun nan ba baƙi ba ne can: wasu nau'in wel suna zuwa Mashigin Tekun Gini haihuwa kowace shekara, ayu da ke kogin Neja da Binuwai shi ma mai shayarwa ne da ke zaune a ruwa, masana kuma sun ce dorina ce mafi kusancin dangi da wel a cikin dabbobin da ke raye.

Magana mafi nauyi ita ce ta addini, kuma ba a yi mata gaggawa. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani kan suranta mai rai, akwai malaman da suka hana shi gaba ɗaya. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, haramcin ya fi tabbata kan sassaƙe mai inuwa mai cikakkun gaɓoɓi, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa hukuncinsa ya fi sauƙi, wasu malaman zamani kuma sun yi rangwame idan don koyarwa ne. Uban da zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, kada makaranta ta tilasta wa ɗansa. Irin wannan yaro zai iya zana wutsiyoyin biyu kawai, ta karfasa da ta dolfin, gefe da gefe, ya rubuta bambancinsu a ƙasa.