Ƙwayar Zogale da Dagwalon Masai

A watan Agusta, ruwan da ake ɗebowa daga tafki a ƙauyukan Shagari kamar kunu yake fitowa, ja wur da laka. Uwargida ta san maganinsa. Za ta jefa ɗan guntun alif a randa, ta juya da ludayi, ta koma bakin turmi. Kafin ta gama tankaɗe, laka ta kwanta a gindi, na sama ya yi garau. Wannan dabarar ta randa ita ce injiniyoyi ke yi a manyan biranen duniya, sai dai su abin da suke fama da shi ya fi ruwan tafki muni nesa ba kusa ba: dagwalon da ke taruwa daga masai da magudanan ƙazanta.

Dagwalo kusan duk ruwa ne. A kilo 100 na mai ruwa-ruwa, daskararren abin da ke ciki zai iya zama kilo 2 kacal. In aka matse shi har daskararren ya zama kashi ɗaya cikin biyar, nauyin zai dawo kilo 10. Sawu goma na mota ya koma sawu ɗaya ke nan, kuma duk mai sayen man dizal ya san abin da hakan ke nufi.

Amma dagwalo ba ya sakin ruwansa ta daɗi. Ɓurɓushin da ke cikinsa duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka ture juna suke yi kamar kishiyoyi, ba mai yarda ta matsa kusa da 'yar'uwarta. Sai an zuba wani sinadari mai dogon zare, mai kishiyar wannan caji, wanda masana ke kira polima, kafin su dunƙule. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai awara ya ga irin aikin: madarar waken suya na tafasa, ta zuba ruwan tsami, nan take ta tsinke gaya-gaya, a juye a ƙyalle, a ɗora dutse, ruwa ya tsiyaye.

Polimar da aka fi amfani da ita a duniya sunanta poliyakirilamid, daga albarkatun man fetur ake yin ta. Tana aiki, ɗan kaɗan ya isa. Aibinta shi ne ba ta ruɓewa da wuri a ƙasa, kuma sinadarin da ake haɗa ta da shi, akirilamid, tun 1994 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Jamus har doka ta yi a kan irin polimar da za a bari ta bi dagwalo zuwa gona.

Gonar kuwa ita ce maganar Boɗinga da Shagari. A garuruwan nan na kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal babu bututun da ke kwashe ƙazanta zuwa wata matata. Masai na rami ne, sai sokawe a gidajen masu hali da makarantu da asibitoci. In ya cika a kira masu kwasa, abin da aka kwaso kuma bayan gari yake ƙarewa, ko a gonar wanda tsadar takin zamani ta isa. Duk abin da aka zuba wa dagwalon, gero da dawa da albasar fadama ne za su gaje shi. Shi ya sa polimar da ke ruɓewa kamar ganye ta fi dacewa da nan.

Ga ta kuwa a bayan ɗaki. Ƙwayar zogale na ɗauke da wani furotin mai irin cajin da ake nema. Wata masaniya, Samia Al Azharia Jahn, ta rubuta a wajen shekarun 1980 yadda matan karkara a Sudan ke tace ruwan kogin Nilu da dakakkiyar ƙwayar. A farkon shekarun 1990 masu bincike daga Jami'ar Leicester ta Ingila suka gwada ta a wata matatar ruwa ta garin Thyolo a Malawi, ta yi aikin alif. A gida ma, Suleyman Muyibi, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya daɗe yana nazarinta, har da yadda take sa dagwalo ya saki ruwa. Wani abin daɗi shi ne ko an tatse man ƙwayar, wanda ya haura kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, tunkuzar da ta rage ba ta rasa ƙarfinta. Mai ya tafi kasuwa, tunkuza ta tafi aiki.

Akwai wasu. Ana gyara sitacin rogo, ana sarrafa ɓawon jatan lande, an gwada yauƙin kuɓewa. A Burazil wani kamfani mai suna Tanac na yin irin wannan magani daga ɓawon wata itaciya dangin bagaruwar da majeman Sakkwato suka daɗe suna jeme fatar jar akuya da 'ya'yanta. Sai dai bagaruwar majemi ba za ta yi aikin haka kawai ba, sai an sauya mata caji a masana'anta.

Kada a yi saurin guɗa. Ruwan ƙwayar zogale ba ya kwana lafiya, a zafin Sakkwato yini ɗaya ya isa ya fara tsami, don haka kullum sai an haɗa sabo. Ana buƙatarsa da yawa fiye da poliyakirilamid, alhali yawancin masu zogale don ganyen kwaɗo suke tsinkarsa, ba su barin itacen ya yi 'ya'ya. Mafi girma duka, matse ruwa ba kashe cuta ba ne. Ƙwan tsutsar ciki na iya yin watanni da rai a cikin busasshen dagwalo, dole a tara shi ya yi zafi ya ruɓe sosai kafin ya kusanci lambu.

Kuma gaskiya, a wannan yanki rana ce babbar ma'aikaciya. Birane irin su Dakar na shanya dagwalo a kan shimfiɗar yashi da tsakuwa, ruwa ya zurare ta ƙasa, rana ta ƙarasa saura. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40 a Boɗinga, irin wannan shimfiɗa ba ta neman taimakon kowa. Daga Yuli zuwa Satumba ne take cijewa, lokacin da masai ke cika da wuri, sama kuma ba ta barin komai ya bushe. Wata ukun nan ne ke buƙatar buhunan tunkuzar zogale, waɗanda tun rani ya kamata a ce an tanada.