Dutsen da zai gifta samaniyarmu a 2029: abin da ya kamata ku sani

Daren Juma'a, 13 ga Afrilu, 2029, bayan sallar isha'i, in sama ta yi garau, mutanen Jega da Aliero da Maiyama za su iya ɗaga kai su ga wani ɗigon haske yana ratsa taurari sannu a hankali. Dutse ne mai faɗin kusan mita 340, ana kiransa Apophis. Zai wuce da tazarar kilomita 32,000 daga doron ƙasa, wato ya fi taurarin ɗan'adam masu kawo mana tashoshin talabijin kusa da mu.

Da aka gano shi a 2004 hankalin masana ya tashi, don lissafin farko ya nuna yana iya faɗo mana. Na'urar rada ce ta rufe maganar daga ƙarshe.

Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwar Jega yakan ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne, amonta ya gaya masa ko ta tsage. Haka rada take yi. A Goldstone da ke Amurka akwai wani faranti mai faɗin mita 70 da ke harba igiyar rediyo mai ƙarfi zuwa ga dutsen, sai a jira ta dawo. Lokacin da ta ɗauka shi ne ma'aunin nisa. Ɗan sauyin da aka samu a amonta ya nuna saurin dutsen da yadda yake juyawa. Ƙarfin amon kuwa kan tona ko dutse ne zalla ko akwai ƙarfe a jikinsa. Da waɗannan ake zana siffar abin da madubin hangen nesa ke gani ɗigo kawai. Shi Apophis dogo ne, da alama curi biyu ne a manne.

A watan Maris na 2021, yana nisan kilomita miliyan 17, aka sake auna shi, aka tabbatar ba zai taɓa duniya ba nan da shekara 100 aƙalla.

Sai dai rada ba ta farauta. Dole madubi ya fara gano dutsen, kuma in nisa ya ninka biyu, amon ya koma kashi ɗaya cikin 16. Ga shi babban farantin rada na Arecibo mai mita 305 ya rushe a Disamban 2020, asarar da aka ji a jika. Ƙananan duwatsu kan shigo ba sallama: a 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka gane daga duniyar Mas ya fito.

Kafin ranar nan za ku sha saƙonnin tashin duniya a WhatsApp. Kada ku tura wa kowa. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Aliero, ku ya kamata ku yi wa iyayenmu bayani tun da wuri.