Yaro Mai Lalurar Ƙwaƙwalwa Zai Iya Koyo: Aikin Malamin Ilimi Na Musamman

Idan likita ya ce ƙwaƙwalwar ɗanka ta samu rauni, za ka ji masu cewa ɗan ruwa ne, ko kuma makaranta ba ta da amfani gare shi. Ba haka ba ne. Sau da yawa lalurar tana biyo bayan doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a makon haihuwa, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Raunin ba ya gogewa da magani, amma yaron yana koyo idan ya samu mai koya masa.

Mene ne aikin malamin?

Yakan fara duba abin da yaron ke iyawa, sannan ya tsara masa darasinsa shi kaɗai. Yana rarraba aiki ɗaya zuwa ƙananan matakai. Cin abinci, misali: riƙe cokali, ɗiba, kai wa baki. Ba a wuce mataki sai ya zauna. Yaron da ba ya magana ana koya masa nuna buƙatarsa da hoto ko alamar hannu. Malamin yana aiki tare da likita, masu gashin ƙashi da ku iyaye, domin abin da ba a maimaita a gida ba ya ɗorewa.

A ina ake karanta fannin?

Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana ba da NCE a shekara 3. Jami'ar Bayero ta Kano da jami'o'in Jos da Ibadan suna da sashen ilimi na musamman, inda ake yin digiri. Idan a gidanku akwai matashi mai haƙuri, ku nuna masa wannan hanya, domin malaman sun yi ƙaranci.

Me za ka yi yanzu?

Idan jaririnka ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai fara tafiya ba, ko shekara 2 bai fara magana ba, kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan yana farfaɗiya, a fara shawo kanta da magani, don tana hana koyo. Daga nan ka tuntuɓi Makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman a Sakkwato.

Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba ɗanka haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ko a Gidan Dahala kake ko a ƙauye, kada ka kulle shi a ɗaki. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.