Masu ƙara wa tocila haske a Asigame: ribar aikin da haɗarinsa

Duk wanda ya taɓa kwance kaya da asuba a kasuwar Asigame ta birnin Lome, ko ya kwana a iyakar Aflao yana gadin dila, ya san cewa tocila ba kayan ado ba ce. Da ita ake duba lambar kaya, da ita ake ƙirga canji, da ita ake leƙa ƙarƙashin mota idan an ji motsi. Mu da muke tasowa daga Zongo ta Agoe tun gari bai waye ba, kasancewar tun a 1977 aka tashi tsohuwar Zongo daga tsakiyar birni aka kai ta can arewa, tocila tana cikin aljihunmu kamar makullin shago.

Idan mai karatu bai manta ba, a 1998, da kuma tsakanin 2006 zuwa 2007, ruwan madatsar Akosombo ta ƙasar Gana ya ja baya, wutar da Togo ke samu daga can ta ragu, aka shiga ɗauke wuta unguwa-unguwa. A cikin shekarun 2000 ɗin ne tocilolin LED na ƙasar Sin suka cika kasuwa, suka kori tocilar ƙarfe mai cin manyan batura irin su Tiger Head. Araha kam akwai ta. Sai dai kukan masu saye ɗaya ne: makon farko haske kamar rana, mako na uku kuma sai ka kawo fuskarka kusa da takarda kafin ka karanta rasit.

Wannan kuka ne ya samar wa yaran da ke gyaran rediyo da waya a gefen kasuwa sabon aiki, wato buɗe tocila a ƙara mata haske. Mun ba da namu an yi, mun kuma yi asarar wasu, saboda haka muka ga ya dace mu faɗa wa 'yan'uwa abin da muka gani.

Abu na farko, sau da yawa laifin ba na ƙwan ba ne, na batir ne. Farin ƙwan LED yana buƙatar bolt 3 da 'yan kai kafin ya ba da cikakken haskensa. Ƙananan batura uku na AAA a rubuce bolt 4.5 suke bayarwa, amma masu arha da zarar an kunna sai ƙarfinsu ya zube, hasken ya bi shi. Maganin da masu gyara suka gano shi ne batirin litiyam da ake kira 18650. Sunan ma aunawarsa ce: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Idan ya cika caji yana kan bolt 4.2, kuma a hankali yake sauka, shi ya sa tocilar da aka sa wa shi take riƙe haskenta na sa'o'i. Guda ɗaya mai kyau ya ninka waɗancan ukun a haɗe fiye da sau biyu, ga shi ana sake yi masa caji ɗaruruwan lokuta. Ba kowace tocila yake shiga ba, domin ya fi mazaunin baturan uku tsawo. Akwai dai waɗanda tun daga masana'anta aka bar masa wuri.

To, ina ake samunsa? Mafi yawa daga cikin tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ake ciro shi, irin mai kauri na da, wanda galibi ake samun guda shida a ciki, kuma ko ya mutu ba duka ne suka mutu ba. Mai gyara na ƙwarai yakan ɗora mita a kan kowane ɗaya. Wanda ya sauka ƙasa da bolt 2.5, ko ya loɓa, ko ya yi tsatsa, ba na aiki ba ne, ko da kyauta aka ba ka.

Sababbin da ke cikin leda kuwa sai an yi hattara. Mun taɓa sayen guda huɗu masu jan bango da aka rubuta wa 9,900mAh, muna murna mun yi tsintuwa, ashe ko rabin dare ba sa kaiwa. Manyan kamfanonin da suka san aikin, irin su Panasonic da Samsung da LG, abin da suke rubuta wa mafi ƙarfin irin wannan batir bai wuce wajen 3,500 ba. Ɗan kasuwa ba ya rasa sikeli: na gaske yana kai giram 45 ko kusa da haka, na jabu kuwa za ka ji shi sakayau a hannu.

Inda muka saɓa da wasu masu gyaran shi ne batun cire ɗan makarin nan da suke kira rezista, mai rage wutar da ke shiga ƙwai. Sukan cire shi su haɗa waya kai tsaye, su haska maka bango, ka ga haske ya tashi, ka biya kana godiya. Bayan kwana kaɗan ƙwan ya fara yin shuɗi-shuɗi, daga nan ya dushe. Zafi ne ya cinye shi. Ƙananan ƙwayayen nan da ake jerawa goma ko ashirin a fuskar tocila wuta kaɗan aka yi su su ci. A wasu tocilolin ma babu makarin sam, raunin batir mai arha shi ne yake kare ƙwan, don haka ranar da aka sa litiyam ƙara makari ya kamata a yi. Bugu da ƙari, ido ba ya biyan kuɗin wahalar: sai haske ya ninka wajen sau huɗu kafin mutum ya ga kamar ya ninka sau biyu. Wanda ke son haske na gaske, a sauya masa ƙwai zuwa babba mai wat 1 ko 3 da ke zaune a kan farantin alminiyam, a cikin tocila mai jikin ƙarfe da zai kwashe zafin. A jikin roba aikin banza ne.

Sai babbar magana, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Akwai tocilar roba mai ƙafa biyu da ake turowa a soka a soket. A cikinta ɗan batirin dalma ne mai bolt 4, da wata 'yar hanyar caji mai arha wadda ba ta san batir ya cika ba, ba ta kuma raba shi da wutar gida. Shi ya sa suke saurin mutuwa, shi ya sa kuma idan aka kunna su suna kan caji ƙwayayen kan ƙone. Wasu yaran sukan cire mataccen batirin su liƙa litiyam a gurbinsa, su bar tsohuwar hanyar cajin yadda take. Batirin dalma idan caji ya yi masa yawa lalacewa yake yi. Litiyam kuwa idan ya wuce bolt 4.2 ana ci gaba da ɗura masa, zafi yake ɗauka, yana iya fashewa ya kama da wuta. Aikin da ya dace shi ne a yanke ƙafafun nan biyu gaba ɗaya, a sa ɗan allon caji na TP4056, irin wanda ke da kariya, a riƙa yi masa caji da cajar waya. Shi yana tsayawa da kansa idan batir ya cika. Ka tsaya a kan mai gyara, malam, ka ga ya cire tsohon da idonka.

Ba sai an tuna wa mutanen Asigame mene ne gobara ba. A watan Janairun 2013 babban ginin kasuwar ya ƙone cikin dare, kwana biyu kacal bayan ta Kara, dukiyar matan da ke sayar da atamfa ta zama toka. Hukuma ta ce da gangan aka sa waccan wutar, ba batir ba ne. Amma wanda ya ga safiyar ranar ba zai jona tocila ya kulle shago a kan dilolin yadi ya tafi Zongo ya kwanta ba. Mu dai da rana muke caji, a kan siminti, muna zaune a wurin. Allah Ya kiyaye.

Ga masu bin hanya zuwa Hilakonji ko Sinkase kuma, da suke riƙe batir na biyu saboda tsaro: kada a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makullai da silallan sefa. Duk gangar jikinsa ƙarfe ce, ledar da aka naɗe shi da ita ce kawai ta raba kan da gindin, idan ta yage ƙarfe ya haɗa su, nan take yake yin zafin da zai ƙona cinya. A naɗe bakinsa da salatif, ko a sa shi shi kaɗai cikin 'yar robar magani mai murfi.