Sankarar bakin mahaifa: Rigakafi ya kai ga 'ya'ya, saura gwajin iyaye mata

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta. Burin da aka sanya a lokacin shi ne a kai ga 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14. Zangon farko ya haɗa da Babban Birnin Tarayya da jihohi irin su Kano, Jigawa, Bauci, Nasarawa da Legas, sannan a watan Mayun 2024 aka shiga sauran jihohi 21. Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ce ta jagoranci aikin, da tallafin Gavi da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Allurar kariya ce ga yarinyar da ke aji shida na firamare ko ƙaramar sakandare. Mahaifiyarta kuwa, wadda ke fita tun da asuba daga Kubwa ko Nyanya ko Lugbe domin ta isa Sakatariyar Tarayya kan lokaci, shekarunta sun wuce na wannan shiri. Garkuwar da ta rage mata ita ce gwaji, kuma mafi yawan mata a ƙasar nan ba su taɓa yin sa ba.

Cutar da ke ba da dogon wa'adi

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 sun nuna cewa mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya a wannan shekara, kusan 8,000 kuma suka rasu. Idan aka raba, mata fiye da 20 ke nan a kowace rana. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta sababbin masu cutar 660,000 da mace-mace 350,000 a shekarar 2022, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya sa waɗannan alƙaluma suke da ciwo shi ne, a cikin nau'o'in cutar daji babu wadda aka san sanadinta da hanyar tare ta kamar wannan. Masanin ƙasar Jamus Harald zur Hausen ne ya gano alaƙarta da ƙwayar HPV, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Nau'i biyu na ƙwayar, wato na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar.

Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar kusantar juna tsakanin namiji da mace, kuma ta yaɗu a tsakanin mutane har ana ganin kusan kowane baligi mai iyali zai gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsa. A wurin mafi yawan mutane garkuwar jiki ke kawar da ita ba tare da sun san ta shiga ba. Saboda haka samun ta a jikin mace ba shaida ba ce ta rashin kamun kai. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta na iya ɗauke da ita.

Inda ƙwayar ta ƙi fita, takan fara sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Daga wannan sauyi zuwa zamansa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai lafiyayyar garkuwar jiki, ko shekara 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta yi rauni. Mata masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sun ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa. A tsawon waɗannan shekaru babu zafi, babu jini, babu wata alama da za ta tayar da hankali. Gwaji kaɗai ke tona abin da ke ɓoye.

Yadda gwajin yake

Hanyoyi uku aka fi amfani da su. Akwai gwajin Pap, inda ake ɗebo 'yan ƙwayoyin halitta daga bakin mahaifa a duba su da madubin likita. Akwai hanyar shafa ruwan khal, wanda ke sa wurin da ya fara sauyawa ya yi fari, ma'aikaciyar jinya ta gani da idonta nan take. Sai gwajin neman ƙwayar HPV kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a kan sauran. Wannan na ƙarshe yana da wata fa'ida ga matan da kunya ke hana su zuwa asibiti: mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta, a keɓe, ta miƙa wa ma'aikaciya.

Shawarar hukumar ita ce mace ta fara gwajin HPV tana da shekara 30, ta maimaita bayan kowace shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau kuma ta fara tana da 25, ta maimaita duk shekara 3 zuwa 5. Idan an ga sauyi tun bai zama sankara ba, ana ƙone wurin da wata ƙaramar na'ura mai zafi ko a daskarar da shi, cikin 'yan mintuna, mace ta koma gida a ranar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ranar 17 ga Nuwamba, 2020, ƙasashen duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta, da manufofi uku da ake son cikawa kafin ƙarshen 2030: a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata rigakafi kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 na mata suna da shekara 35 a kuma sake suna da 45, sannan a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Najeriya ta yi yunƙuri mai ƙarfi a kan ta farko. Ta biyu da ta uku ne ke jiran irin wannan himma.

Sauran cututtukan da ba su da gwajin kowa-da-kowa

Bakin mahaifa wuri ɗaya ne daga cikin wurare biyar da sankara ke kama mace a sassan haihuwa. Sauran su ne cikin mahaifa, gidan ƙwai, farji da kuma fatar da ke kewaye da shi. Biyu daga cikinsu sun ɗauke matan da duk ma'aikacin gwamnati ya san sunansu. Maryam Babangida, wadda ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara, ta rasu a Amurka a ranar 27 ga Disamba, 2009, sakamakon sankarar gidan ƙwai. Farfesa Dora Akunyili, tsohuwar shugabar NAFDAC kuma tsohuwar ministar yaɗa labarai, ta rasu a Indiya a watan Yunin 2014 bayan jinyar sankarar mahaifa.

Gwajin bakin mahaifa ba ya gano waɗannan. Abin da ke ceton rai a nan shi ne sanin alamu da gaggawar zuwa asibiti. Duk jinin da ya zo wa mace bayan al'adarta ta ɗauke gaba ɗaya, ko da ɗigo ne, abin kai wa likita ne. Haka jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada, da ruwa mai wari da ya ƙi ɗaukewa. Sankarar gidan ƙwai kuwa takan zo da kumburin ciki da ba ya saɓewa, saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari, alamun da ake saurin ɗauka a matsayin gyambon ciki ko basir ko sanyi. Watannin da ake ɓatawa ana shan jiƙe-jiƙe da maganin sanyi su ne sau da yawa ke raba cutar da za ta warke da wadda ta riga ta bazu.

Tsadar jinya da inda taimako yake

Idan sankarar bakin mahaifa ta wuce matakin tiyata, maganinta shi ne gashi da na'ura haɗe da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi. Ana yin gashin kowace ranar aiki har kusan mako biyar, a bi shi da wani gashin na ciki, kuma likitoci na son a kammala duka cikin mako takwas. Duk tsaikon da aka samu, ko don na'ura ta lalace ko don kuɗi sun ƙare, yana rage ƙarfin maganin. Cibiyoyin da ke da waɗannan na'urori kaɗan ne, don haka mara lafiya daga nesa sai ta haɗa kuɗin magani da na mota da na masauki da na mai jinya.

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara aiki da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta prostate ta maza, a asibitoci shida da suka haɗa da Asibitin Ƙasa na Abuja, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Akwai kuma Cibiyar Bincike da Maganin Cutar Daji ta Ƙasa, NICRAT, wadda aka kafa bisa dokar 2017. A ɓangaren ƙungiyoyi masu zaman kansu, gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana gangamin wayar da kai da gwaji a Abuja da Kebbi.

Ma'aikacin tarayya yana da wata dama da miliyoyin 'yan ƙasa ba su da ita. Inshorar lafiya ta NHIA ta ƙunshi ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Ya dace ma'aikaciya, ko matar ma'aikaci, ta tambayi asibitin da ta yi rajista irin gwajin da suke yi da kuma abin da inshorar ta ɗauke mata.

Rayuwa bayan sallama

Ranar da aka gama magani ba ita ce ƙarshen ɗawainiya ba. Wadda aka cire wa mahaifa ta rabu da haihuwa, kuma a al'ummar da ake auna darajar mace da 'ya'yanta wannan rashi na iya girgiza aure. Gashi yakan ɗauke al'ada tun lokaci bai yi ba, ya kawo bushewa da zafi yayin saduwa. Wasu kan yi fama da kumburin ƙafa da kasala na tsawon watanni. A shekara biyun farko ana bukatar komawa ganin likita duk bayan wata uku zuwa shida, kowace komawa kuma da fargabar abin da za a ji.

A kan wannan nauyi sai jahilci ya ɗora nasa. Akwai masu gudun cin abinci a kwano ɗaya da mai cutar, alhali sankara ba ta yaɗuwa ta abinci ko musabaha ko zama wuri ɗaya. Akwai masu raɗe-raɗin cewa jifa ce ko sakayya. Irin wannan ne ke sa wadda ta warke ta rufe bakinta, alhali maganarta ce ta fi ta kowa tasiri wajen shawo kan ƙawarta ta je gwaji. Hausawa kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a wannan cuta mijin da ya raka matarsa asibiti ya kuma zauna ya ji bayanin likita ya sauke mata rabin kayan.

Abin da ke hannun masu riƙe da fayil

Yawancin abin da ake bukata ba ya jiran sabuwar doka. Darakta mai kula da ma'aikata na iya sanya gwajin bakin mahaifa cikin duba lafiyar da ma'aikatarsa ke shiryawa, ya kuma tabbatar ma'aikatan jinya mata ne za su yi shi a ɗaki mai sirri. Shugaban sashe na iya sassauta lokacin aiki ga wadda ke zuwa gashi kullum, ba tare da labarinta ya zaga ofis ba. Ƙungiyoyin adashe da na jin daɗin ma'aikata na iya ware wani kaso domin jinyar da ta fi ƙarfin albashi. Hadimin ɗan majalisa ko na minista, wanda ta hannunsa takardun kasafi ke bi, na iya tambayar nawa aka ware wa asusun cutar daji da kuma nawa aka saki a zahiri.

A gida kuma, akwai takardar neman izinin rigakafi da makaranta kan aiko wa iyaye. Jita-jitar cewa allurar na hana haihuwa ba ta da tushe a binciken likitoci, kuma ƙasashe da dama sun shafe fiye da shekara goma sha biyar suna amfani da ita. Ruwanda ta fara tun 2011, Ostireliya kuma na sa ran kawar da cutar nan da 2035. Yarinyar da aka yi wa allura a 2023 tana da shekara 9 ba za ta kai shekarun gwaji ba sai 2044. Kafin wannan lokaci, yawan matan da Najeriya za ta binne saboda wannan cuta ya dogara ne da yawan iyaye matan da suka samu gwaji tun suna jin kansu garau.