Kafin a Rushe Tsohon Ɗaki, a Tambayi Tarihinsa



Da zarar damina ta ɗauke, sai mu ga motocin yashi da bulo suna shigowa unguwanninmu na cikin birnin Kano. A wannan gida a cire azara a sa kwano, a wancan a rushe zaure a mai da shi shago. Gyara abu ne mai kyau, domin babu mai son ɗaki ya faɗo masa. Amma mun lura cewa mutane da yawa suna fara fasa bango ba tare da sun tambayi wanda ya gina shi da yadda aka gina shi ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana amfanin binciken tarihin gida kafin a taɓa shi.

Amfani na farko shi ne tsare rai. Tsofaffin gidaje da yawa suna da rijiya ko masai da aka cike tun kafin a haifi iyayenmu. Daga sama ba a ganin komai, amma ƙasar wurin ba ta da ƙarfi. Idan aka ɗora sabon ɗaki a kai, yana iya tsagewa ko ya nutse. Haka kuma wani bangon shi ne ke ɗauke da azarar ɗakuna biyu. Wanda bai sani ba zai cire shi don ya faɗaɗa falo, sai rufin ya biyo shi.

Na biyu shi ne sanin kayan da aka yi ginin da su. Maginan da suna jera tubali, su yi bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Azara daga itacen giginya ake samunta, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Suna yaɓe bango da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, yana hana ruwa shiga. Kaurin bangon nan ne ke sa ɗakin ƙasa ya yi sanyi da bazara. Idan aka shafa siminti a kan bangon ƙasa ba da sani ba, ba ya kamawa sosai. Danshi yakan maƙale a bayansa yana cin bangon, har wata rana simintin ya ɓalle. An kashe kuɗi, kuma an raunana ɗaki.

Na uku shi ne zaman lafiya. Gidajen cikin gari yawanci na gado ne, kuma sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin gida biyu. Idan ba a san wanda ke da ita ba, gyara yana iya jawo rigima da maƙwabci ko tsakanin magada. A wasu tsofaffin gidaje ma akwai kaburburan kakanni a wani lungu, kuma bai kamata a tona wurin da ganganci ko da kuskure ba.

To, yaya ake binciken? A fara da tsofaffin gida, musamman kaka, domin ita ta san ɗakin da aka fara ginawa da inda rijiya take a da. Sai a je wurin mai unguwa da dattawan maƙwabta a tambayi iyaka. A duba takardun gida, kamar takardar saye, ta rabon gado da ta mallakar fili. A nemo maginin gargajiya ya zagaya ya faɗi bangon da za a iya taɓawa da wanda za a bari. Daga ƙarshe a ɗauki hoton zaure, zanko, indararo da zanen da ke jikin bango kafin a fara aiki.

Muna da misalai a gabanmu. Gidan Makama yana da alaƙa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma yau gidan tarihi ne da ɗalibai ke ziyarta. Gidan Ɗan Hausa nan ne Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Duka biyun ginin ƙasa ne, ana gyara su, amma ba a rushe su ba saboda an san abin da suke ɗauke da shi. Gidajenmu ba na sarakuna ba ne, amma a wani zauren an yi shekaru ana karatun allo, a wani an yi saƙa ko dukanci. Idan aka rushe shi ba a rubuta ba, kuma tsohon da ya sani ya rasu, shi ke nan labarin ya tafi.

A nan ne mu ɗalibai za mu yi amfani. Ba mu da kuɗin siminti, ba mu ne ke yanke shawara a gida ba, amma mun iya rubutu. A hutun nan kowannenmu ya ware littafi guda, ya zauna da kakarsa ko kakansa ya yi tambayoyi huɗu: Wa ya gina gidan nan? A zamanin wane sarki? Wace sana'a aka yi a ciki? Ina tsohuwar rijiya take? Sannan ya zana taswirar gidan ya nuna wa mahaifinsa cikin ladabi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya yi nasa binciken ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida idan an dawo hutu, za mu liƙa shi a wannan allo kowa ya karanta.